Korar Ma'aikata da Tallafin Gwamnati: Darasi daga Asibitocin Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen akanta da na gudanar da kasuwanci, ga tambaya. Mai ƙaramin asibiti ya ga marasa lafiya sun daina zuwa, sai ya sallami ma'aikata biyu don ya rage kashe kuɗi. Riba ya ci ko asara? Idan yana cin tallafin gwamnati, amsar na cikin takardar da ya sa wa hannu.

A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Amurka ta kafa dokar CARES, wadda ta zo da shirin PPP na kare albashin ma'aikata. Ƙananan kamfanoni masu ma'aikata 500 ko ƙasa da haka, har da asibitoci masu zaman kansu, sun karɓi bashi ta hannun bankuna. A lokacin, bashin kan kai ninki biyu da rabi na albashin da suke biya a wata, kuɗin ruwansa kashi 1 cikin 100. Wanda ya riƙe ma'aikatansa, a yafe masa bashin.

Sai dai fa shirin ya zo da sharuɗɗa a lokacin. Aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga albashi. Sannan ana kwatanta yawan ma'aikata kafin annoba da yawansu lokacin cin tallafin. Mai aikin awa 40 a mako ana lissafa shi mutum ɗaya.

A ce asibiti na da ma'aikata 10, ya karɓi dala 100,000, ya kashe ta duka yadda aka tsara, amma ya sallami biyu. Saura 8 cikin 10 ke nan. Dala 80,000 kawai za a yafe, ragowar 20,000 bashi ne a wuyansa. Garin neman gira, an rasa ido.

To amma a lokacin shirin, ba kowace rabuwa ke rage yafiyar ba. Wanda aka kora bisa laifi, da wanda ya ajiye aiki don kansa, da wanda aka rubuta masa ya dawo ya ƙi, duk ba a lissafa su. Haka kuma asibitin da ya yi sallama a farkon annobar, idan ya mayar da adadin ma'aikatansa zuwa 31 ga Disamba, 2020, ya tsira.

A nan ne aikinku yake. Faɗa da baki cewa wane ya yi laifi ba hujja ba ce. Sai an ga takardar gargaɗi, ko wasiƙar ajiye aiki, ko wasiƙar kira ya dawo da amsar da ya bayar. Fayil ɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi na iya jawo wa asibiti bashin dubban daloli.

Ku gwada wannan: cikin biyun nan da suka tafi, ɗaya da kansa ya ajiye aiki, kuma wasiƙarsa na cikin fayil. Nawa za a yafe wa asibitin?