Kafin ka sayo kifin zinariya, fara auna masa gida

Ɗana, na ji an ce kana so ka ajiye kifin ado a falo, jan nan mai sheƙi da masu shago ke kira goldfish. Madalla. Abu ne mai sanyaya ido, kuma yara za su koyi tausayin dabba a kansa. Sai dai ka ɗan zauna mu yi magana kafin ka tafi kasuwa.

Wanda za a nuna maka a shago bai wuce tsawon yatsa ba. Jariri ne. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma a tafkuna aka fara. In ya girma, mai siririn jiki da wutsiya ɗaya yakan kai santimita 25 zuwa 30. Mai tumbi da wutsiya biyu, wanda ke iyo yana rangaji, yakan kai 15 zuwa 20. Idan ya sami kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15. Akwai ma wani a Ingila mai suna Tish da ya shekara 43 kafin ya mutu a 1999. Ka ga ke nan ba baƙon kwana biyu za ka kawo gida ba.

Za a ce maka ai kifi daidai mazubinsa yake girma. Mai faɗin haka ba mugunta yake nufi ba, abin da ya ji ke nan. Gaskiya ne a ƙaramin wuri kifin ba ya girma sosai, amma tsumburewa ce, ba lafiya ba. Wannan kifi maciyi ne, kuma yawan ci yawan kashi. Da kashinsa da numfashinsa yana zuba wata guba a ruwa, ana ce mata amoniya. Ba ta da launi. Ruwa na iya zama garau a idonka alhali yana ƙona kifin. A ɗan kwanon gilashin nan mai zagaye, tamkar mutum ne aka kulle a ɗaki ba taga, nan zai ci, nan zai kwana, nan zai zagaya. Sai ka ga ya daina kuzari, ya naɗe wutsiya, ya koma sama yana haki. Wata safiya a tarar da shi ya juya ciki, yara su yi ta kuka, a ce ai kifin ba ya da ƙwari. Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. Birnin Rum na Italiya ma tun 2005 ya hana ajiye kifi a irin wannan kwano.

To, wane girma ya kamata? Masu kiwonsa sun saba cewa mai wutsiya biyu guda ɗaya a ba shi lita 75, wato jarka uku ta mai ruwa, irin mai lita 25. Kowane ƙarin kifi a ƙara masa kamar lita 40. Mai wutsiya ɗaya kuwa ɗan tsere ne, yana son ninkin haka ko fiye, kuma in ya girma ɗan tafki a tsakar gida ya fi masa. Lissafin ba wuya. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai 90 da 30 da 30 ya ba ka lita 81.

Kada dogon tanki mai tsayi sama ya ruɗe ka, ko da ya fi kyau a kusurwar falo. Iska ta saman ruwa take shiga, don haka mai faɗin baki ya fi. Wannan ya fi shafar mu saboda zafi. Kifin ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 18 zuwa 23, kuma ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi. Ka tuna zafin bazara, ga shi an ɗauke wuta, injin iska da matatar ruwa da ake sa wa tanki sun tsaya. Ƙaramin mazubi nan da nan zai yi zafi ya gurɓace. Babba yana jinkiri, ya ba kifin sarari har wuta ta dawo. Ka nisanta tankin da taga mai rana. Ka kuma duba ƙarfin teburin da za ka ɗora shi a kai, domin kowace lita kilo ɗaya ce, ban da nauyin gilashi da tsakuwa.

Na san babban tanki da tsada. Amma araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi ƙarami sau biyu zai saya. In ka kawo tankin, ka cika, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi, ka bar shi mako 4 zuwa 6 ba kifi a ciki. A lokacin ne ƙwayoyin halitta masu cinye gubar ke kama wuri a cikin matatar. Bayan nan duk mako ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

In kuɗin bai kai ba yanzu, ba abin kunya ba ne. Ka faɗa wa yara su yi haƙuri, ka tara a hankali, ka sayi tankin tukuna. Kifin yana nan a shago, ba zai ƙare ba. Allah ya yi maka albarka.