Wutsiyar Adireshi: Tsakanin .ng Da .com, Wacce Za Mu Zaɓa?

Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a taron kulob ɗinmu ranar Laraba. Malamin kwamfuta ya ce idan Allah ya hore kuɗi za a buɗe wa makarantarmu shafi a intanet, sai ya tambaye mu wane irin adireshi ya kamata a sa masa. Nan take muka rabu gida biyu. Wasu suka ce a sa .com domin ita kowa ya sani, wasu suka ce a sa .ng tunda a Najeriya muke. Har aka buga ƙararrawa ba mu daidaita ba. Malam ya ƙi raba gardamar, ya ce ya ba mu mako ɗaya mu je mu bincika. To, ga abin da muka samo.

Kowane shafi a intanet yana da adireshi, kamar yadda kowane gida yake da unguwa da layi. Mu ɗauki wanda yayyenmu suka haddace, wato jamb.gov.ng. Idan kana son fahimtarsa, karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Haruffan ng suna nufin Najeriya, gov tana nufin gwamnati, jamb kuma shi ne sunan mai gidan. Wannan ɓangare na ƙarshe da ke bayan ɗigo, shi muke kira wutsiyar adireshi a wannan darasi.

Wutsiya iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, wadda ba ta da ƙasa, irin su .com da .org da .net, waɗanda aka fara amfani da su tun 1985. Akwai kuma ta ƙasashe, wadda kullum haruffa biyu ce. Najeriya tana da .ng, Nijar .ne, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td, Sudan kuma .sd. Wasu sai an yi maka bayani za ka gane su. Jamus tana amfani da .de saboda da harshensu sunan ƙasar da harafin D ya fara, Chadi kuma ta ɗauki .td daga yadda Faransawa ke rubuta sunanta. Ƙungiyar da ke kula da tsarin adiresoshin duniya ita ce ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998. Tamu ta .ng kuwa tana hannun wata ƙungiya ta nan gida mai suna NiRA.

Yanzu mu zo kan ainihin maganar. Yawancinmu ba ma rubuta adireshi, sai dai mu shiga injin bincike irin Google mu rubuta abin da muke nema. Shi kuma sai ya jero mana shafuka, wani a sama wani a ƙasa. Mu faɗi gaskiya, waye a cikinmu ke zuwa shafi na biyu na sakamakon bincike? Kusan kowa na farko-farkon yake dannawa. Don haka mai shafi yana son nasa ya hau sama, kamar yadda ɗan kasuwa ke son rumfarsa ta zama a bakin ƙofa, ba can ƙuryar kasuwa ba.

Amma Google ba ya ba kowa jeri iri ɗaya. A ce mutum uku sun nemi farashin buhun siminti, ɗaya a Kano, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Kumasi. Na Kano yana son a faɗa masa da naira, na Maraɗi da sefa, na Kumasi da sidi. Idan aka ba na Kano farashin Kumasi ba a amfane shi da komai ba. Shi ya sa injin ke ƙoƙarin gane ƙasar da kowane shafi yake yi wa magana, kuma wutsiyar ƙasa tana cikin manyan alamomin da yake dubawa. Kamfanin Google da kansa ya bayyana haka a bayanan da ya rubuta wa masu shafuka. Shafi mai .ng kamar mota ce mai lambar Najeriya, tun daga nesa an san daga ina take. Wannan yana taimaka masa ya bayyana ga mai bincike da ke cikin Najeriya.

Shafi mai .com fa? Ba a hukunta shi, sai dai wutsiyarsa ba ta faɗi komai game da ƙasa ba. Don haka injin sai ya nemi wasu alamomi. Da wane harshe aka rubuta shi? Da wane kuɗi aka sa farashi? Lambar wayar da ke ciki da +234 ta fara, wato ta Najeriya, ko da +227 ta Nijar? Shafukan wace ƙasa ne suka fi nuna hanya zuwa gare shi? Idan waɗannan suka nuna Najeriya, shi ma zai iya hawa sama a nan.

Wurin da ya fi ba mu sha'awa shi ne wannan. Wutsiya ƙasa take bi, amma Hausa ba ta tsaya a iyakar ƙasa ɗaya ba. Yayan ɗaya daga cikinmu yana ɗinkin huluna, kuma masu saye a wurinsa har da mutanen Maraɗi da Damagaram. Idan ya buɗe shafi mai .com.ng, ya gaya wa injin bincike cewa da 'yan Najeriya yake magana. Ba wai na Damagaram ba zai taɓa ganin shafin ba, zai iya gani, musamman idan ya rubuta sunan shagon daidai. Sai dai taimakon da wutsiyar ke bayarwa a Katsina ba za ta bayar da shi a ƙetaren iyaka ba. A ganinmu mai irin wannan sana'a .com ta fi masa. Ku lura ma da sashen Hausa na BBC, wanda ake karantawa a ƙasashe da yawa, adireshinsa bbc.com/hausa ne.

Akwai kuma wutsiyoyin da suka gudu daga gida. Kuna ganin .tv kuna zaton talabijin take nufi, alhali ta wata ƙaramar ƙasa ce a tekun Fasifik mai suna Tuvalu, wadda mutanenta ba su kai 20,000 ba, kuma tana samun kuɗin shiga daga haya da waɗannan haruffa biyu. Haka .co ta Kolombiya ce, .me ta Montenegro. Da yake mutanen duniya sun rungume su, Google yana ɗaukarsu kamar na kowa da kowa. Tamu .ng ba ta cikin wannan rukuni.

Wani ɗan ajinmu ya ɗauka cewa da an sa .ng shi ke nan, an hau sama. Malam ya yi dariya ya ce kyan kwano ba shi ne daɗin tuwo ba. Shafin da ba shi da bayani mai amfani, ko yake daɗewa bai buɗe ba a waya, ko aka kwafo rubutunsa daga wani wuri, wutsiya ba za ta cece shi ba. Ita alama ɗaya ce cikin alamomi masu yawa.

Wasu kuma suna tsammanin idan suka rubuta google.com.ng za su ga sakamakon Najeriya, idan suka rubuta na wata ƙasa su ga nata. A da haka ne, amma tun 2017 Google ya koma duba wurin da mai binciken yake.

Bari mu ja kunnen masu shirin jarrabawa, domin wannan ya shafi kuɗin iyayenmu. Kowa mai kuɗin rajista zai iya mallakar adireshi mai .com ko .com.ng, har da ɗan damfara. Amma .gov.ng ta hukumomin gwamnati ce kawai, .edu.ng kuma ta manyan makarantu, kamar buk.edu.ng da abu.edu.ng. Idan aka turo maka saƙo a WhatsApp wai gwamnati na raba tallafin karatu, dubi wutsiyar kafin ka danna, kuma ka tambayi malami kafin ka biya ko sisi. Kasancewar shafi a saman jeri ma ba hujja ba ce, domin na sama-saman wani lokaci talla ne da aka biya kuɗi. Sannan a kula da yatsa wajen rubutu. Idan ka manta harafin o a .com, ka rubuta .cm ke nan, ka tafi Kamaru, kuma akwai masu buɗe shafuka musamman don kama masu irin wannan kuskure.

To makarantarmu fa? Masu neman labarinta iyayenmu ne da tsofaffin ɗalibai da masu son kawo 'ya'yansu, kuma kusan dukansu a cikin Najeriya suke. A bincikenmu mun gano wata wutsiya da babu wanda ya ambata ranar gardama, wato .sch.ng, wadda aka ware wa makarantu irin tamu. Ita za mu gabatar wa Malam. 'Yan .com biyu har yanzu ba su sauko ba, sun ce ta yi tsawo kuma iyaye za su manta ta.

Akwai abu ɗaya da za mu roƙi shugaban makaranta ya duba tun yanzu. Adireshi haya ake yi, ba a sayensa har abada, kuma yawanci duk shekara ake sabunta shi. Idan aka manta ba a biya ba, shafin zai rufe, daga baya ma sunan zai iya kuɓuce mana. Muna so a san tun farko wanda zai riƙa biya da wanda zai riƙa tunawa da ranar. Za a kaɗa ƙuri'a ranar Laraba bayan tashi, a ɗakin kwamfuta, kuma wanda ba ɗan kulob ba ma zai iya zuwa ya faɗi ra'ayinsa.