Darasi Daga Turkiyya: Abubuwan Da Ke Jawo Kamuwa Da Cutar Korona

 Uwargida mai juna biyu, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Turkiyya mu ga yadda cutar korona ta riƙa kama mutanenta. Dalilin zaɓen ƙasar shi ne, Turkawa mutane ne masu zumunci da ziyara da biki da ta'aziyya kamar mu, kuma 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu suna yawan zuwa Istanbul. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin larurar gaggawa a ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar cutar ba ta ɓace ba. Don haka darasin yana da amfani gare ki da abin da kike ɗauke da shi.

A ranar 11 ga Maris 2020 ministan lafiya na lokacin, Fahrettin Koca, ya sanar da mutum na farko da ya kamu. Daga baya waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura miliyan 17, waɗanda suka rasu kuma sun haura 100,000.

Ki lura da abu biyu, domin mutane kan haɗa su. Abin da ke sa a kamu daban ne, abin da ke sa cutar ta yi tsanani bayan an kamu shi ma daban ne.

ABUBUWAN DA KE SA A KAMU

1. Cunkoso. Ƙwayar cutar tana fita ta numfashi da tari da atishawa da magana, ta tsaya cikin iskar ɗakin da ke rufe. Istanbul tana da mutane sama da miliyan 15, masu shiga motocin haya da jiragen ƙasa a matse. A farkon Afrilu 2020, fiye da rabin masu cutar a ƙasar a wannan birni suke.

2. Tafiye-tafiye. Matafiyi yakan dawo garau alhali yana ɗauke da ƙwayar, saboda alamun kan ɗauki kwanaki kafin su bayyana. Shi ya sa a Maris 2020 aka killace dubban masu dawowa daga umara na kwana 14 a ɗakunan kwanan ɗalibai a Ankara da Konya.

3. Taron dangi. Hukumomin ƙasar sun sha jan kunne kan biki da zaman makoki da rakiyar samari masu tafiya aikin soja. Turkawa suna kuma da al'adar sumbatar hannun dattawa ranar sallah. A ƙaramar sallar 2020 an hana fita na kwana 4 a dukkan larduna 81. Da cutar ta sake tashi, a Satumba 2020 aka taƙaita taron aure zuwa awa 1.

4. Zama gida ɗaya da mai cutar. A Maris 2020 an hana masu shekara 65 zuwa sama fita. Sai dai wanda bai fita ba ana iya kawo masa har ɗaki, ta hanyar ɗa ko jika da ya je aiki ko kasuwa. Wannan ya shafe ki kai tsaye, ko da kina zaune a gida.

5. Jinyar marasa lafiya. Kafin ƙarshen Afrilu 2020, ma'aikatan lafiya sama da 7,000 sun kamu a Turkiyya. Mai jinya a gida ma tana cikin irin wannan haɗari.

ABUBUWAN DA KE SA TA YI TSANANI

Su ne tsufa, ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon huhu, ƙiba da shan taba. Lardin Zonguldak ba ya cikin manyan birane, amma an haɗa shi da su wajen hana shiga da fita, saboda yawan masu ciwon huhu a cikin mahaƙan kwal.

Juna biyu ma yana cikin wannan jeri. Ciki ba ya jawo miki cutar, amma in ta kama ki takan fi wahalar da ke, musamman a watanni 3 na ƙarshe. Mahaifa ta girma ta takura huhu, jiki yana buƙatar ƙarin iska, jini kuma ya fi saurin daskarewa. Cutar tana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini. A Maris 2020 gwamnatin Turkiyya ta ba ma'aikatanta masu juna biyu hutu.

ABIN DA ZA KI YI

Turkawa kan zuba wa baƙo wani turare mai suna kolonya a hannu, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Tsaftar hannu tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba, tunda ta iska cutar ta fi bi. Saboda haka:

* Ki buɗe tagogi, baƙi kuma a zauna da su a tsakar gida.
* Mai tari ko zazzaɓi ya dakata da ziyara har ya warke, ko wane ne shi.
* Ki sa takunkumin fuska a asibiti da cikin motar haya idan mura tana yawo.
* Kada ki fasa zuwa awo, a duba miki jini da suga.
* Ki tambaye mu game da allurar rigakafi. Mai ciki da mai shayarwa suna iya yin ta.

Maigida, kai ne mai fita, kai ne kuma za ka iya faɗa wa dangi su yi haƙuri. Idan ka dawo daga tafiya da mura, ka ware wurin kwana ka sa takunkumi. Iyayenmu masu kula da mai jego, a rage cika ɗaki ranar barka da suna, kada kuma a bar kowa ya sumbaci jariri.

Ki garzayo asibiti ba tare da jinkiri ba idan kika ji numfashi yana yi miki wuya, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko motsin ɗa ya ragu, ko kika ga jini, ko naƙuda ta taso kafin lokaci. Kada ki sha maganin da ba a rubuta miki ba. Idan kin haihu kina da cutar, ki ci gaba da shayarwa, ki wanke hannu ki sa takunkumi kafin ki ɗauki jariri.

Allah Ya sauke ki lafiya.