Amsoshin Tambayoyinku: Dawo da Fayil da Aka Ɗora Wani a Kansa

Wani mai sauraro ya nemi sanin yadda ake dawo da fayil da aka ɗora wani a kansa bisa kuskure a rumbun intanet, wato manhajar da ma'aikatu ke adana hotuna da takardu. Galibin rumbunan ba sa goge tsohon nan take, sukan ajiye shi a tarihin fayil, wato jerin kwafin da aka taɓa ɗorawa da ranakunsu, inda za a iya sauke shi a sake ɗorawa. A Google Drive, tsohon kwafi kan iya ɓacewa bayan kwana 30 ko idan sababbi sun kai 100, sai in an zaɓi a riƙe shi har abada, don haka jinkiri ne babban hatsari. Idan wa'adin ya wuce, sai a tuntuɓi mai kula da rumbun.