MAFARKIN SANE: Sa'ad da Mai Barci Ya Gane Mafarki Yake Yi

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san akwai daren da ihun mutum ɗaya yake tada mutum arba'in. Haka ta faru bara da wani yaro ɗan aji uku. Dare uku a jere yana zabura da kururuwa, wai wani abu yana binsa, ƙafafunsa kuwa sun ƙi gudu. Kafin a buga ƙararrawar karin kumallo magana ta zaga makaranta. Waɗansu suka ce aljanu ne, waɗansu suka ce maita. Da yaron ya ce fuskar abin ta yi kama da ta wani ɗan ajinsu, sai aka fara guje wa wancan a ɗakin cin abinci. Nan ne abin ya daina zama abin dariya.

Da na zauna da shi, ya faɗi wata magana da ta sa na rubuta wannan darasi. Ya ce, "Malam, a dare na uku ina cikin gudu sai na ce a raina, ai wannan mafarkin jiya ne. Na san mafarki nake yi, amma na rasa abin da zan yi."

Abin da ya same shi yana da suna a wurin masana barci. Mu a nan za mu kira shi mafarkin sane, watau mafarkin da mai shi yake barci sosai, amma ya san abin da yake gani mafarki ne. Sanin shi ne ainihin abin. Wani yakan iya juya mafarkin yadda yake so, wani kuwa yakan sani kawai yana kallo, kamar yaron nan. Ba kuma baƙon abu ba ne. A shekara ta 2016 waɗansu masu bincike a Ingila suka tattara binciken shekara 50, suka tarar kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irinsa ko sau ɗaya, kusan 23 cikin 100 kuwa sukan yi shi aƙalla sau ɗaya a wata. Ke nan a ajinku ma akwai su, ba su dai faɗa ba ne.

Likitan Kartaj

Mutanen dā sun san da shi. Aristotal, masanin Girka, ya lura cewa wani lokaci mai barci yakan ji wani abu a cikinsa yana gaya masa mafarki ne yake gani. Amma labarin da ya fi kusa da mu 'yan Ikilisiya daga Afirka ya fito. A shekara ta 415, Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya rubuta wa abokinsa Ebodiyus wasiƙa, ya ba shi labarin wani likita mai suna Gennadiyus, mazaunin Kartaj. Likitan mutumin kirki ne mai taimakon matalauta, amma a ƙuruciyarsa ya yi shakka ko akwai rai bayan mutuwa. Wata rana ya yi mafarki wani saurayi ya kai shi wani birni inda ya ji waƙa mai daɗin gaske. A wani dare kuma saurayin ya komo, ya tambaye shi ko ya gane shi, ya ce ya gane. Ya tambaye shi ko a farke ya gan shi ko a barci, ya ce a barci. Sai saurayin ya sanar da shi cewa yanzu ma barci yake yi, ya kuma tambaye shi ina jikinsa yake. Ya ce yana kan gado. To, idanun jikin suna rufe, da waɗanne idanu yake gani? Likita ya rasa amsa. Agustin ya ce daga nan shakkarsa ta kau.

Ku lura da abu ɗaya, gama za mu komo kansa: Gennadiyus bai shirya wannan mafarki ba, zuwa masa ya yi.

Sunan da Turawa suke kiran abin da shi yau ya fito ne daga wani likitan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, a shekara ta 1913. Ya yi shekaru yana rubuta mafarkansa, a cikinsu ya ƙirga 352 waɗanda ya san yana mafarki. Duk da haka masana da yawa ba su yarda ba. Suka ce ai farkawa ce ta ɗan lokaci, mutum yana tsammani barci yake yi. Suna da hujja kuwa, domin wa zai shiga kan mai barci ya duba?

Shaidar ido

Barci ba iri ɗaya ba ne daga dare zuwa safe. Yana zagayawa ne, kowane zagaye kamar minti 90. A shekara ta 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano cewa a kowane zagaye akwai lokacin da idanun mai barci suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, in kuwa aka tashe shi a lokacin, galibi zai ce mafarki yake yi. Wannan shi ne barcin motsin ido. A farkon dare gajere ne, amma yana ƙara tsawo wajen asuba, shi ya sa mafarkin asuba ya fi tsawo, ya fi kuma zama a rai. A cikinsa ƙwaƙwalwa takan kulle naman jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Numfashi da idanu ne ba a kulle ba.

Wannan ƙofar ce wani ɗalibin bincike, Keith Hearne, ya bi a Jami'ar Hull ta Ingila. Ya shirya da wani mutum mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama, hagu da dama. Aka manna masa wayoyi a kai da gefen ido. Da safiyar 12 ga Afrilu 1975, na'ura ta zana alamar a kan takarda, alhali sauran layukan suna nuna mutumin yana barci. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka ba tare da ya san na Hearne ba, aka buga sakamakonsa a 1981. A shekara ta 2021 kuma, masu bincike a Amurka da Jamus da Faransa da Holan suka gwada mutum 36, suka riƙa yi musu tambaya suna barci. Aka tambayi wani, 8 a ɗebe 6, ya juya ido hagu da dama sau biyu. Kada mu zuzuta abin: amsar daidai kusan 18 cikin 100 ce kawai, yawancin tambayoyin ba a amsa su ba. Amma ko ɗaya ta isa ta nuna akwai mai hankali a cikin barcin nan.

Me ya sa a mafarki na kullum ba mu ganewa? Za ka ga kakarka da ta rasu tana koyar da lissafi a kasuwa, ka zauna kana rubutu ba ka ko yi mamaki ba. Dalilin shi ne sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda yake auna abu ya ce wannan bai yi daidai ba, yakan rage aiki a barcin motsin ido. Binciken da aka yi a Jamus a 2009 da 2012 ya nuna alamar cewa a mafarkin sane wannan sashe yakan ɗan farfaɗo. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma abin da aka gani ya dace da abin da masu mafarkin suke faɗa.

Yadda ake koya

Matakin farko ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi ƙi. Ka ajiye tsohon littafin rubutu da fensir kusa da matashin kai. Da ka farka, kafin ka yi magana da kowa, kafin ka nemi bokiti, ka rubuta abin da ka tuna, ko da layi biyu ne. Mafarki kamar raɓa yake, rana na fitowa ya tafi. Bayan mako biyu ko uku ka karanta abin da ka rubuta, za ka ga abubuwan da suke maimaituwa: kogin garinku, jarrabawar da ba ka shirya ba, gudun da ba ya ci gaba. Waɗannan su ne alamunka.

Sa'an nan ka saba da tambayar kanka da rana, sau da yawa, da gaske ba da wasa ba: yanzu a farke nake ko mafarki nake yi? Ka kuma gwada. Ka karanta rubutun allo, ka kau da kai, ka sāke karantawa, gama a mafarki rubutu ba ya cika tsayawa yadda yake. Ko ka toshe hanci ka rufe baki ka gwada shaƙar iska. A mafarki iskar za ta shiga, domin hancin gaske a buɗe yake. Abin da hannu ya saba da rana, wata rana zai yi shi a mafarki. Kada dai wani ya gwada da abin da zai ji masa ciwo, kamar tsalle daga bene ko taɓa wuta. Gwajin da zai cuce ka in ashe a farke kake, ba gwaji ba ne.

Na uku ita ce dabarar LaBerge. In ka farka daga mafarki wajen asuba, ka tuna shi sosai, ka ƙudura a ranka kana maimaitawa cewa in na sāke yin mafarki zan tuna mafarki nake yi, kana kuma hango kanka cikin mafarkin nan kana gane alamar. A shekara ta 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gwada mutum 169. Waɗanda suka haɗa dabarun, har da farkawa bayan awa 5 na barci, sun yi nasara a kusan dare 17 cikin 100. Ka ga ko a can faɗuwa ta fi nasara yawa. Ni ban ba ɗalibi shawarar sa agogo ya tashe shi da tsakar dare a lokacin karatu ba. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, a barcin ne kuma karatun rana yake zama a kai. Wanda yake so ya gwada, ya bari sai hutu. Magungunan da ake talla a intanet don wannan abu kuwa, kada ku kusance su. Wanda kuma yake fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ko yakan rikice tsakanin mafarki da gaskiya, ya bar waɗannan dabaru, ya ga likita.

Mai gwadawa yakan gamu da dannau. Ka farka, kana ganin ɗaki, amma ka kasa motsi ko magana, kana jin nauyi a ƙirji, wani lokaci har ka ga kamar mutum a tsaye. Kullen nan na naman jiki ne bai saki da wuri ba, gutsuren mafarki kuma ya biyo ka cikin farkawa. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Ka yi numfashi a hankali, ka yi addu'a a zuci, ka gwada motsa yatsa ɗaya. Rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine suna ƙara kawo shi.

Ina bangaskiya a ciki?

Wani zai tambaya, wannan ba shiga hurumin Allah ba ne? Littafi Mai Tsarki ya nuna Allah ya yi magana ta mafarki, ga Yusufu ɗan Yakubu, ga Fir'auna, ga Nebukadnezzar, ga Yusufu mijin Maryamu. Amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya shirya mafarkinsa. Fir'auna da Nebukadnezzar ma damuwa suka yi, sai da Allah ya ba bayinsa fassara. Littafin Mai-Wa'azi sura 5 ya danganta mafarki da yawan hidimomin rana, Irmiya sura 23 kuma ta tsauta wa annabawan da suke shelar mafarkin zuciyarsu da sunan Ubangiji. A ganina, gane cewa kana mafarki ba laifi ba ne, aikin ƙwaƙwalwar da Allah ya halitta ne, kamar tuna haddar aya. Laifin yana wurin wanda zai juya mafarki da kansa, sa'an nan ya tashi a taron addu'a ya ce an nuna masa. Wannan tuwon hannunsa ne, kada ya ce daga sama ya sauko.

Haka kuma fuskar da ka gani a mafarki ba shaida ba ce. Ƙwaƙwalwa da fuskokin da ta gani da rana take aiki, musamman na wanda kuka yi faɗa ko kake jin tsoronsa. Wanda ya kira ɗan'uwansa maye saboda mafarki, ya sāke duba dokar da ta hana shaidar zur a Fitowa sura 20.

Yaron nan ɗan aji uku, ga abin da muka yi. Da rana tsaka ya rubuta mafarkin, sa'an nan ya sāke rubuta shi da wani ƙarshe dabam: maimakon gudu, zai tsaya, ya juya, ya tambayi abin me yake so. Kowace yamma yakan karanta sabon labarin, ya yi addu'a, ya kwanta. Likitocin barci sun fi amincewa da wannan sāke rubutu wajen maganin mugun mafarki mai maimaituwa, yana kuma aiki ko mutum bai kai ga mafarkin sane ba. Makonni biyu na farko ba abin da ya sauya. A na huɗu ya zo ya ce ya gane a cikin mafarkin, ya kuma juya, amma don zumuɗi ya farka kafin ya ga fuskar. Wannan yakan faru da masu koyo, shi ya sa ake ce musu su natsu, su murza tafin hannu, su dubi ƙasa. Mafarkin ya ƙara zuwa masa sau biyu kafin ƙarshen zango, amma bai ƙara tada ɗaki ba. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne zuwa ya roƙi gafarar ɗan ajinsu, sai da shugaban ɗakin kwana ya raka shi.