Halbin gyado da baka

Ƴan uwa, karatunmu na yau a kan gyado ne, da yadda mahalba ke halbinsa da baka da kibiya. Wasu na ce masa gadu, wasu kuma mugun dawa. Alade ne na daji. Musulmi ba ya cin namansa. To, mi ya sa ake halbinsa? Saboda ɓarna. In gyado ya shiga gonar gujiya, ko ta rogo, ko ta dankali, yakan tone ta da hancinsa. Wahalar damana guda sai ta tafi a banza.

Mu fara sanin dabbar

Babban namijin gyado yakan kai kilo 100, wani ma har ya wuce. Macen ba ta kai shi girma ba. Kansa babba ne, ƙashin kan kuma yana da kauri. A fuskarsa akwai ƙullutai kamar kaluluwa.

Haurensa huɗu ne. Biyu na sama dogaye ne, sun lanƙwashe. Biyu na ƙasa gajeru ne, amma su ne abin tsoro. Duk lokacin da ya buɗe baki ya rufe, na ƙasa na gugar na sama, suna wasuwa kamar wuƙa a kan dutse. Da su yake farke cikin kare, da su yake yanke ƙafar mutum.

Gyado ba ya gani da kyau daga nesa. Amma kunnensa da hancinsa ba su barci. In ya ji tsoro, sai ya ɗaga wutsiya sama, ya zura da gudu. Gudunsa yakan kai kusan kilometir 50 a awa guda. Ba mutumin da zai tsere masa da ƙafa.

Da rana yake kiwo. Yakan durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana cin ciyawa da saiwoyi. In rana ta yi zafi, sai ya nemi taɓo ya kwanta. Da dare yakan shiga rami, yawanci tsohon ramin dabgi.

Kayan mahalbi

Baka itace ne mai ƙarfi wanda ke lanƙwasa ba ya karyewa. Igiyar baka ita ce tsarkiya. Jikin kibiya na kyauro ne, bakinta kuma ƙarfe ne, aikin maƙeri. Maƙeri na yi mata kunnuwa, don in ta shiga kada ta fita. Kibau na zama cikin kwari.

Kibiyar gargajiya ba ta da nauyi. Shi ya sa mahalban da suke shafa mata dafi. Sanannen dafi shi ne na kwankwani, wanda ke tsayar da zuciya. Dafin nan bai san dabba ba, bai san mutum ba. Don haka ba a barin kwari inda hannun yaro zai kai.

Mahalbin kirki tun a gida yake duba tsarkiyarsa da bakin kibansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake kusantarsa

Mai bindiga na iya halbi daga nesa. Mai baka kuwa sai ya matso kusa, kamar taki 20, ko ƙasa da haka. A nan aikin yake.

Da farko mahalbi na bin sawu, ya gane hanyar da gyado ke bi zuwa tabki ko zuwa gona. Sannan ya duba iska. Yakan ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda ƙura ta nufa. Dole iska ta riƙa bugun fuskarsa. In ta fito daga bayansa, za ta kai wa gyado warinsa, shi ke nan an yi asarar yini.

Wasu mahalba na ɗaura kan burtu a goshi. Su sunkuya, su riƙa tafiya irin ta tsuntsun. Namun daji sun saba da burtu, ba su gudunsa.

In gyado ya sunkuya yana ci, mahalbi ya matsa. In ya ɗaga kai, mahalbi ya tsaya cik. Haka, haka, har ya kai inda yake so.

Ba a halbin gyado a kai, don ƙashi na tare kibiya. Sai an jira ya ba da gefe. Sannan a auna bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke. In bai tsaya daidai ba, gara a ƙyale shi. Dabbar da aka ji wa ciwo ba a kashe ba, an zalunce ta, kuma ta zama haɗari ga duk wanda ya gamu da ita.

Abubuwa uku da ba a yi

Na ɗaya: ba a tsayawa a bakin raminsa. Gyado da baya yake shiga rami, haurensa na kallon ƙofa. In ya fito, da ƙarfi yake fitowa. Wanda ke gabansa ya shiga uku.

Na biyu: ba a bin shi da gaggawa bayan halbi. Mahalbi ya zauna, ya jira tukuna. Daga baya ya bi jini sannu sannu. Gyadon da aka matsa wa yakan juyo ya yi faɗa.

Na uku: ba a taɓa mace mai ɗiya. Tana kare ɗiyanta da ranta, kuma in an kashe ta, ƙananan ba su rayuwa.

In tsautsayi ya sa haure ya sami mutum, a danne wurin da tsumma mai tsabta don jini ya tsaya. A wanke da ruwa da sabuni. A kai shi likita ba da ɓata lokaci ba, ko da ciwon ƙarami ne.

Daji na da doka

Da, daji na da faɗi, namun daji na da yawa. Yanzu gonaki sun ci daji, fari kuma ya rage bisashen dawa. A wurare da yawa sai dai yara su ji labarin gyado a bakin tsofaffi.

A kudu da Yamai akwai gandun daji na W. An ba shi wannan suna don kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W. An kafa shi a 1954. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya. Ba a halbi a cikinsa, ko da bindiga, ko da baka. A 1998 kuma Nijar ta yi dokar da ta tsara farauta da kare namun daji.

Saboda haka, in gyado ya dami gonarka, kada ka ɗauki baka don ka ji haushi. Ka gaya wa mai gari. Ku je wurin ma'aikatan gandun daji, su faɗa muku abin da doka ta yarda da shi. In halbi ya zama dole, a bar shi ga mahalbin da ya san aikin.

Tambayoyi

1. Waɗanne haure ne na gyado suka fi haɗari? Don mi?
2. Yaya mahalbi ke gane inda iska ta nufa?
3. Mi ya sa ba a tsayawa a bakin ramin gyado?
4. Akwai gyado a dajin garinku? In babu, ku tambayi tsofaffi yaushe suka daina ganinsa.
5. Ku rubuta waɗannan kalmomi: baka, kibiya, tsarkiya, kwari, gyado.