Kafin Ka Shiga Kara, Ɗana

Ɗana, na ji ka tara ɗan abin hannunka kana son fara kiwon tumaki. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma kafin ka nufi kara, zauna ka ji: kowace tunkiya akwai ƙasar da ta gina jikinta, kuma wanda ya raba ta da abin da ta saba, aljihunsa ne zai ji.

Masana sun ce kimanin shekara 10,000 ke nan da ɗan Adam ya fara kiwon tunkiya, daga wata ta dawa da ke duwatsun Turkiyya, Iraƙi da Iran. Daga can ta biyo makiyaya ta shigo Afirka ta Masar. Wadda ta zauna ƙasar sanyi ta yi ulu mai kauri, irin Marino ta Sifaniya. Tamu ta ƙasar rana kuwa gashinta gajere ne a kwance, don zafi kada ya kashe ta.

Wanda zai fara ɗauke maka ido shi ne Balami. Fari ne fat, dogo, karan hancinsa a tanƙware, kunnuwansa manya a rataye. Asalinsa ƙasar Borno da busassun yankunan da ke kewaye da ita, kuma duk tumakinmu babu mai girmansa. Yana karɓar kiwo, yana kuɗi a Babbar Sallah. Sai dai cikinsa babba ne. Idan ba ka tanadi harawa, dusa da kowar wake tun kaka ba, kafin bazara ta ƙare za ka ga haƙarƙarinsa. Danshi kuma ba ya yi masa daɗi.

Uda ba ya ɓuya: gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ƙahon ragon a murɗe ya miƙe gefe da gefe. Dabbar Fulani Udawa ce, masu ratsa Nijar, Sakkwato da Chadi suna bin ciyawa. Dogayen ƙafafun nan na tafiya ne. Ka tsare shi a matsattsen garke mai laka da damina, sai ciwon kofato da tsutsar ciki su sa shi gaba.

Sai 'Yankasa, wadda mutane suke wucewa ba su kalla ba saboda sun saba ganinta. Fara ce, da baƙi a kewayen ido, baki da kunne, ragonta da geza a wuya da ƙirji. Ita ta fi yawa a Najeriya, kuma ba banza ba. Tana ƙoshi da kaɗan, tana jure rani, tana jure damina, ta haihu ta shayar ba tare da ta wahalar da mai ita ba. Da ita iyayenmu mata suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. A kudu kuma akwai 'yar gajeruwar tunkiyar kurmi, wadda ke jure sammoren da ƙudan tsando ke kawowa, a inda Balami zai sha wuya.

To, ka ga babu wadda ta fi wata sai da dalili. Ka tambayi kanka: turka zan yi na watanni in sayar, ko garke nake son kafawa? Ina abincina, ina filina? Daidai ruwa, daidai tsaki. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da 'Yankasa biyu ko uku. Cikin tunkiya wata 5 ne, mai haƙuri ba zai daɗe ba zai ga ƙaruwa.

A kara, ko Maigatari ce ko Mai'adua ko Potiskum, kada zaƙin bakin dillali ya hana ka duba dabba da hannunka. Buɗe bakinta: manyan haƙora biyu a ƙasa na nuna ta kai shekara ɗaya ko ta ɗan haura, huɗu kuma wajen shekara 2. Ja fatar idonta ƙasa. In ka ga ta yi fari, jini ya yi ƙaranci. Duba hanci ko da majina, duba ƙarƙashin wutsiya ko da zawo. In ka kawo ta gida, ware ta na mako biyu, ka kira malamin dabbobi ya yi mata rigakafi.

Abu na ƙarshe, kada kuɗin Sallah su sa ka sayar da ragon da ya fi kyau ka bar rago maras ƙwari yana barbara. Kuma kada ka bar rago ya hau 'ya'yansa. Ka musanya da na maƙwabci, don iri ba ya ƙarko idan jini ya yi kusa. Dabba amana ce, za a tambaye ka ruwanta da abincinta. Allah ya ba ka garke mai albarka, ya sa ka ci halalinsa.